Kun Tambaya, Mun Amsa: Ruwa, Rogo da Ranar Kasuwa a Gunungkidul

Tambayoyin wannan fitowa duk sun faɗa kan yanki ɗaya: gundumar Gunungkidul da ke kudu maso gabashin birnin Yogyakarta, a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya. Hedikwatarta Wonosari, mutanenta kimanin 750,000, akasarinsu manoma kuma Musulmi.

Wani mai karatu daga Funtuwa: Na ji an ce a can ana sayen ruwa a tanka duk rani. A ƙasar da ruwan sama ya yi yawa haka, ta yaya?

Malam, ba a yi maka ƙarya ba. Ruwan da ke sauka a can a shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Matsalar tana ƙasa. Kudancin gundumar dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi, kuma ruwa yana cin wannan dutse ya huda shi. Da an yi ruwa sai ya zurare ta ramukan da suke kira luweng, ya tafi kogunan da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, irin su Bribin da Baron, ya fita teku. Mai haƙa rijiya da hannu zai sha wahala a banza.

Dabarunsu uku ne. Ta farko tankin siminti a gefen gida, da indararo ke zuba masa ruwan rufi. Ta biyu telaga, wato tafkin da laka ta toshe gindinsa. A nan aka yi ɓarna da sunan gyara: an sa injin haƙa ya zurfafa wasu tafkunan, aka kwashe lakar da ke riƙe ruwan, aka kewaye su da siminti, sai suka koma ƙafewa da wuri. Ta uku ita ce madatsar da aka gina cikin kogon Bribin, kimanin mita 100 ƙarƙashin ƙasa, tare da injiniyoyin jami'ar Karlsruhe ta Jamus, inda aka tsara ƙarfin ruwan kansa ya riƙa juya famfon da zai turo shi sama. Inda bututu bai kai ba, tankar lita 5,000 ake saye, wani lokaci sai an sayar da akuya.

Wata mai karatu daga Minna: Mene ne tiwul? Zan iya yin sa da rogon da muke da shi?

Hajiya, za ki iya, domin tushensa ba baƙonki ba ne. Tiwul dambun rogo ne da ake yi da abin da suke kira gaplek, wato busasshen rogo, wanda muke dakawa ya zama alabo. Rogo ya zama abincinsu ne saboda shinkafar fadama ba ta yiwuwa a kan dutse. Da faɗuwar damina ake dasa shi a gona ɗaya da masara da gyaɗa da shinkafar tudu. Waɗannan a girbe su tun da wuri, shi kuwa a bar shi sai tsakiyar rani, wajen Yuli zuwa Satumba, lokacin da rana ke da ƙarfin busar da shi.

A ranar da aka tone rogon za a fere shi, don bayan kwana biyu zuwa uku cikinsa yake fara yin baƙin zane. A tsaga shi gida biyu ko huɗu a tsawonsa, a wanke, a shanya a kan dutse ko tabarma ana juyawa, daga kwana uku zuwa mako gwargwadon rana da kaurin yankan. Alamar ya bushe ita ce ya karye ƙas, cikinsa fari kamar alli. In yana lanƙwasawa, da saura. Kilo 100 na ɗanye zai ba ki kashi ɗaya bisa uku, ko ya ɗan ɗara. In rogon mai ɗaci ne, kada ki tsallake jiƙo: ki bar shi cikin ruwa kwana uku ko fiye kina sauyawa kafin shanya, saboda gubar da ke cikinsa.

Sai daka da tankaɗe. Ki zuba garin a faifai, ki riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kina murzawa da tafin hannu, kina kaɗa faifan har garin ya koma ƙananan tsaki. Daga nan aikin dambu ne: su suna turara shi a kwandon gora mai tsinin gindi, ke kuwa madambacinki ya isa. Minti 20 zuwa 30 bayan tururi ya taso, zai sauya daga fari zuwa ruwan ƙasa mai ɗan danƙo.

Wurin da ake faɗuwa shi ne ruwan yayyafi. In ya yi yawa, tsakin zai manne ya zama curi mai yauƙi. In ya yi kaɗan, za ki sauke ki tarar da farin gari a ciki bai dahu ba. Gwajin: ki dunƙula a hannu ya kama, ki taɓa da yatsa ya wargaje. Kada ki danna shi cikin madambaci, kuma ki buɗe rami a tsakiya don tururi ya sami hanya. Gaplek da aka adana da danshi kuwa, fumfuna da ƙwari ne rabonsa.

Akwai rogon da ruwan sama ya taɓa a shanya ya yi baƙi. Ba sa zubarwa: su jiƙa, su wanke, su turara, su ci da kwakwa, sunansa gatot. Mu dai ba mu ba ki shawarar gwada wannan a gida ba, don ba kowace fumfuna ce ke da lafiya ba.

Tiwul kaɗai ba abinci ba ne cikakke, rogo ba shi da sinadarin gina jiki sosai, kuma yankin ya ga cutar kumburin yunwa a farkon shekarun 1960. Shi ya sa ake haɗa shi da miyar ɗanyen barkono da ruwan kwakwa da tempe, wato waken suya da aka ruɓar, ko busasshen kifi, ko soyayyar fara, wadda suke sayarwa a bakin titi. Na marmari kuma ana sa masa sukarin kwakwa.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi: Da gaske makonsu kwana biyar ne?

Alhaji, makonni biyu suke tafiya da su tare. Akwai na kwana bakwai da ka sani, akwai kuma pasaran mai kwana biyar: Legi, Pahing, Pon, Wage da Kliwon. Kasuwar ƙauye tana ci ne a ɗaya daga cikinsu, don haka mai bin kasuwar Pahing yau Litinin, ta gaba Asabar zai je. Haɗuwar rana guda, kamar Juma'a Kliwon, ba ta dawowa sai bayan kwana 35, shi ne selapan.

Da wannan lissafi ƙauyuka ke tsayar da rasulan, bikin godiya na bayan girbi. Kowane gida ya ba da gudummawa, a share gari, a dafa shinkafa da ruwan kwakwa da kaza sukutum, a jera amfanin gona a tsibi mai siffar dutse a zaga da shi, a yi addu'a, da dare a kwana ana wasan inuwar 'yan tsana da suke kira wayang. 'Yan ci-rani daga Jakarta sukan dawo dominsa. Wasu malamai ba sa yarda da ajiye abinci a gindin bishiya ko bakin tafki da ake yi a wasu wurare, shi ya sa ƙauyuka da dama suka taƙaita kan addu'a da ciyar da baƙi.