Wanda ya amince da shan kaye, ya rufe wa kansa ƙofar kotu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhaji, na saurari tambayarka ta daren jiya, inda ka ce idan ɗan takara ya kira abokin hamayyarsa ya taya shi murna, shin a shari'ance ya yafe haƙƙinsa na zuwa kotu ke nan? Amsar ita ce a'a, amma ina roƙon a ba ni 'yan mintuna, domin akwai wurin da irin wannan magana take ɗaure mutum tamau, kuma a can ne na fi jin tsoron a ruɗe.

A dokar Najeriya, amincewa da shan kaye al'ada ce ta siyasa da dattako, babu sashen tsarin mulki da ya wajabta ta ko ya rataya mata hukunci. Abin da yake tabbatar da wanda ya ci zaɓe shi ne sanarwar baturen zaɓe da takardar shaidar da INEC take bayarwa. Kowa ya tuna ranar 31 ga Maris 2015, lokacin da Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya tun shugaban INEC na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, bai kammala bayyana sakamako ba. Kiran nan ya kwantar da hankalin ƙasa a lokacin da mutane da yawa suka kwashe iyalansu suka koma garuruwansu don fargabar rikici, kuma ni har gobe ina ganin girman Jonathan saboda shi, amma ba kiran ne ya mayar da Buhari zaɓaɓɓen shugaba ba. Da Jonathan ya sauya ra'ayi, sashe na 285 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ya shigar da ƙara. Abin da yake kashe haƙƙin ƙara shi ne cikar waɗannan kwanaki.

Haka nan ƙin amincewa ba ya hana komai. Atiku Abubakar ya ƙi karɓar sakamakon 2019, duk da haka an rantsar da Buhari ranar 29 ga Mayu, shari'ar kuma ta ci gaba har Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a watan Oktoba. A Gambiya ma, Yahya Jammeh ya amince cewa Adama Barrow ya kayar da shi a Disamban 2016, bayan mako guda ya lashe amansa, sai dai hakan bai soke ƙuri'a ko ɗaya ba, kuma a Janairun 2017 ya bar ƙasar. Kada dai a haɗa wannan da janyewa daga takara kafin zaɓe, wadda dokar zaɓe ta 2022 ta shardanta a yi ta a rubuce da sa hannun ɗan takarar.

To yanzu ga inda nake so a ba ni kunne sosai. Da zarar an shiga gaban alƙali, amincewa ta tashi daga matsayin ladabi ta zama iƙirari, malaman fiƙihu kuwa suna kiran iƙirari shugaban hujjoji. Dokar shaida ta 2011 ma a kan haka take, domin sashe na 123 ya ce abin da ɓangarorin biyu suka amince da shi ba ya buƙatar a kawo masa shaida. Na taɓa zama a wata kotun shari'ar Musulunci ina kallon wani dattijo mai sayar da hatsi da aka yi ƙararsa kan kuɗin buhu goma na gero. Mai ƙarar ba shi da takarda, ba shi da shaidu biyu, ana gab da juya wa dattijon rantsuwa, sai ya gyara hularsa ya ce, «Allah Ya gafarta malam, na karɓa kam, amma ai na biya shi tun kaka.» Da wannan jumla guda ya sauke wa mai ƙara nauyin kawo hujja ya ɗora wa kansa, tunda ya tabbatar da bashin da bakinsa, saura kuma shi ne zai kawo shaidar biya. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya dace ke nan, sai dai da ya san nauyin kalmar da ya zo da mutanen da aka yi biyan a gabansu. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi iƙirari da laifin haddi yana iya janyewa a karɓa, amma a haƙƙin ɗan Adam kamar bashi, janyewa ba ta amfani. Sharaɗin dai shi ne mai iƙirarin ya kasance baligi mai hankali wanda ba a tilasta shi ba, kamar yadda sashe na 29 na dokar shaida ya hana kotu karɓar iƙirarin laifi da aka samo ta hanyar azabtarwa.

Akwai kuma sassaucin da ake yi wajen sulhu, misali mai bin naira miliyan biyu ya ce zai karɓi miliyan ɗaya da rabi a rufe magana. Idan an yi tayin bisa sharaɗin cewa ba za a kafa hujja da shi ba, sulhun kuma ya rushe, yana da ikon neman kuɗinsa cif. Amma idan aka rubuta yarjejeniyar, aka sa hannu, kotu ta karɓe ta a matsayin hukuncinta, to ragowar dubu ɗari biyar ɗin ta tafi, kuma ɗaukaka ƙara a kan irin wannan hukunci sai da izinin kotu. Saboda haka, Alhaji, idan tambayar taka tana da alaƙa da wata magana da ke gabanka, ka kira ni kafin ka sa hannu a kowace takarda. Wassalamu alaikum.