Amsa ga mai neman kyamarar DSLR da ɗan jari

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa, domin ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce kana Pantami, ka daɗe kana tara kuɗi don ka fara ɗaukar hoton biki da suna, kuma an nuna maka Canon 4000D, wato DSLR, irin kyamarar nan mai madubi a ciki da ake cire mata lensi a canza wani, sabuwa dal a kwali, amma idan ka biya babu abin da zai rage a hannunka. Kana tambaya ko ka rufe ido ka saya.

Ni dai shawarata kada ka saya. Na fi shekara goma ina wannan sana'a a nan Gombe, kuma na ga yara da yawa sun zuba jarinsu kaf a jikin kyamara, sai ranar aikin farko suka gane ba su da filash, batir ɗaya ne, katin mimori ma aro suka yi. Jikin kyamara kashi ɗaya ne kawai na kayan aiki. Abin da amarya za ta gani ta ce hotonta ya yi kyau, yawanci lensi ne da haske suka yi shi.

Ka dubi ita 4000D ɗin da kyau. A 2018 ta fito, megafiksel 18 gare ta. Canon 600D kuwa a 2011 ta fito, ita ma megafiksel 18. Wato shekara bakwai tsakaninsu amma girman hoton ɗaya. Sannan 600D tana da allo mai juyawa, wanda za ka ga amfaninsa ranar da ka ɗaga kyamara sama da kawunan mutane a wurin ɗaurin aure, kuma tana da ramin sa makirfo. Ita 4000D allonta ƙarami ne a manne, ba ta da ramin makirfo, bakin da ake ɗaura lensi ma na roba ne. Akwai kuma abin da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba: a saman 4000D, inda ake zura filash, babu ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, haka ma wasu 2000D. Filash masu araha da muke amfani da su da wannan ɗigon suke jin umarni, saboda haka za ka iya sayen filash ka ɗora ya ƙi tashi. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka nemi ta hannu mai lafiya: 600D, ko 700D ta 2013, ko 60D ta 2010 idan kuɗin sun kai. Kada sunan ya ruɗe ka, 600D ita ce ake rubuta wa Rebel T3i a Amurka, 700D kuma T5i, 550D T2i. Kaya ɗaya ne, kasuwar da aka yi wa ce ta bambanta.

Kada kuma wani ya tsorata ka da maganar megafiksel. Hoton megafiksel 18 yana wankuwa inci 12 da 18 tsaf, irin wanda ake sa wa firam a rataye a falo. Ban taɓa samun uwar amarya da ta tambaye ni megafiksel nawa ba ne.

Dalilin da ya sa na hannu suka yawaita shi ne tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi, Canon da jerin R, Nikon da jerin Z. Masu hali suna sayar da tsofaffin su koma can, mu kuma muna samu da sauƙi. Lensin Canon da ka saya yau ba asara ba ne, ranar da Allah ya buɗa ka koma jerin R akwai mahaɗin da ake sawa ya yi aiki.

Canon ko Nikon? Dukkansu suna aiki. Ka duba wadda maigidan da kake koyo a wurinsa da abokanka suke riƙewa, ka sayi irinta. Ranar da cajarka ta ƙone ana gobe biki, wanda ke da irin batirinka shi ne ɗan'uwanka. Idan Nikon ce ta kwanta maka, D3200 da D3300 da D5200 duk suna da megafiksel 24 kuma hotonsu yana da kyau ƙwarai. Amma ka riƙe wannan: duk jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya fokus a jikinsu. Idan ka sayi lensin 50mm f/1.8D don ka ga ya fi araha, da hannu za ka riƙa saita fokus, amarya tana tafiya kana lalube. Mai rubutun AF-S za ka nema, wato 50mm f/1.8G ko 35mm f/1.8G. D90 da D7000 ne suke da injin a jiki, kuma D7000 tana ɗaukar kati biyu a lokaci guda, abin da ke kwantar wa mai hoton biki da hankali.

Yanzu maganar lensi, wadda ita ce zuciyar abin. Wanda ake haɗo kyamara da shi, 18-55mm, idan ka zuƙo shi zuwa 55 ƙofar shigar haskensa ba ta wuce f/5.6, kuma gwargwadon girman lambar f gwargwadon ƙanƙantar ƙofar. Da rana a fili babu laifi. Amma ka tuna inda aikinmu yake: ɗakin amarya mai taga ɗaya da labule mai kauri, zauren da aka ɗauke wuta, wurin kamu bayan magariba. Lensin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Shi ne kuma yake narkar da bayan mutum, fuska da lalle su fito fes, tarkacen kujeru da robobin abinci su ɓace. Ranar da na fara ɗora shi a tsohuwar kyamarata, wata hajiya da na saba yi wa aiki ta tambaye ni ko sabuwar kyamara na saya. Na Canon mai rubutun STM, wanda ya fito a 2015, ya fi tsohon mai lamba II ƙarfi da shiru. Akwai na Yongnuo mai rahusa, yana aiki, sai dai fokus ɗinsa yana da ƙara da ɗan jinkiri; idan za ka iya daurewa ka sayi na Canon ko da na hannu ne.

Amma kada ka yar da 18-55 ɗin. A irin waɗannan kyamarori masu ƙaramar sensa, wato ɗan farantin cikin kyamara da ke kama hoton, 50mm yana ƙara matso da abu kusa, ya zama kamar 80mm a Canon, 75mm a Nikon. A ƙaramin ɗaki za ka ja baya har ka jingina da bango, ƙawaye takwas ba su shiga ba. Hoton taro na 18-55 ne, hoton mutum ɗaya ko biyu na 50mm.

Filash kuma ka sayi na waje, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560, wanda kai kake saita ƙarfinsa da hannu. Kwana biyu za ka koya. Kada ka haska fuska kai tsaye, musamman amaryar da aka yi wa kwalliya a wannan zafin namu, goshi zai yi ta ƙyalli. Ka ɗaga kansa ya doki farin silin hasken ya sauko a hankali. Batir AA guda huɗu yake ci, ka sayi masu caji saiti biyu. Batirin kyamara aƙalla biyu: 600D da 700D LP-E8 suke ci, 60D LP-E6. Katin mimori gara biyu matsakaita da babba guda ɗaya, kuma ka saya a wurin wanda ka yarda da shi, don jabu sun cika kasuwa. Idan ni ne, kusan rabin kuɗin zan ba jikin kyamara da 18-55, sauran su tafi ga 50mm da filash da batura da kati, in bar ɗan canji na jaka da kuɗin mota.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne yadda za ka saya. Kyamarata ta biyu a intanet na gan ta, hotuna masu kyau, mai ita ya ce bai fi wata shida yana amfani da ita ba. Na tura kuɗi aka sa ta a mota. Da ta iso jikinta kamar sabuwa, ashe kyan ɗan maciji ne. Bayan sati uku, ina tsakiyar aikin walima a Jekadafari, na danna ta ƙi, ta rubuto saƙon matsala ta tsaya cak. Shota ce ta mutu, wato ɗan labulen cikin kyamara. Wani abokin sana'a ne ya baro nasa aikin ya kawo mini tasa a kan babur, da ban san da wane ido zan kalli mutanen gidan ba. Da mai gyara ya duba, ya ce an danna ta fiye da abin da aka yi ta don shi. Mai sayarwa kuwa lambarsa ta daina shiga. Na yi wata huɗu ina biyan bashin wannan kuskure, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, saboda kuɗin ba nawa ne ni kaɗai ba, har da na mahaifiyata. Ba a cinikin biri a sama. Ko a ina kayan yake, Kano ko Abuja ko Legas, ko dai ka je da kanka, ko ka samu wanda ya san kyamara ya riƙe ta a hannunsa kafin kobo ya fita.

Shota ita ce ɗan labulen da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka ɗauki hoto, kuma tana da iyakar rai kamar injin mota. Ƙananan kyamarori irin waɗannan ana kiyasta musu wajen danni 100,000, D7000 kuma 150,000. Wata tana wucewa, wata ba ta kaiwa. A Nikon lissafin yana ɓoye cikin bayanan kowane hoto, za ka ɗauki hoto ɗaya ka duba da manhaja. A Canon sai an jona ta da kwamfuta. Mai sayarwar da ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa. Ni ba na son wadda ta wuce rabin ranta sai idan an rage kuɗi sosai. Ka kuma lura da robar wurin riƙo da rubutun maɓallai: idan sun goge amma aka ce maka danni 5,000 ne, akwai magana.

Ka tafi da katinka. Ka sa f/22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo hoton ka duba. Ɗige-ɗigen ƙura ana gogewa, wannan ba ya hana ciniki, amma layi ko karce a sensa ka ajiye ta ka tafi. Ka rufe lensi da murfinsa ka ɗauki baƙin hoto, ka ga ko akwai jajayen ɗigo ko shuɗi da yawa. Ka cire lensin ka haska shi da tocilan wayarka ta baya: idan ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashi, funfuna ce, kuma kayan da suka zauna a wuri mai laima irin Legas suna yawan kamuwa. Ka leƙa ɗakin batir ko akwai tsatsa ko kore-kore, alamar ruwa ya taɓa shiga. Ka danna kowane maɓalli, ka juya duk abin da ake murɗawa, ka ɗauki hoto goma a jere ka saurari ƙararta, ka gwada fokus kusa da nesa, ka ɗora filash ka ga ya tashi. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar da sunan mai sayarwa, da shaida idan a hannun mutum ka saya. Kyamarar sata tana yawo, kuma ranar da mai ita ya gan ta a wuyanka a wurin biki, kai za a riƙe.

Za a iya yi maka tayin 5D Mark II a ce babbar sensa ce ta manya. Gaskiya ne, kyamara ce mai kyau, amma ta 2008 ce, yawancinsu sun sha aiki a hannun masu sana'a, wani katin mimori na daban mai suna CF take ci, kuma lensin EF-S irin 18-55 ba ya hawa kanta. Ba ta mai ɗan jari ba ce.

Ba ka faɗi ko har da bidiyo kake so ba. Idan da shi, ka sani 600D tana yanke ɗauka idan fayil ya kai gigabait 4, wajen minti 12 ke nan a babban inganci, kuma ba ta bin mutum da fokus yana tafiya. A Canon sai daga 70D ta 2013 abin ya gyaru sosai. Ka fara da hoto, bidiyo ya biyo baya.

Idan ka saya, babban abokin gabarka a nan ƙura ce. Lokacin hunturu, ko ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe da dawaki suka tayar da ƙasa, kada ka kuskura ka canza lensi a fili. Ka zaɓi ɗaya tun daga gida. Idan dole ce, ka shiga mota ko zaure, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Kada ka hura ciki da baki, kada ka goge gilashi da bakin riga, ɗan famfon roba na hura iska da ƙyalle mai laushi ba su da tsada. Da damina kuma ka tara ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ka zuba a jakar. Kada ka bar ta a cikin mota a rufe a zafin Maris da Afrilu.

Idan ka samu wadda ta kwanta maka a nan cikin gari, kada ka biya tukuna. Ka yi mini magana, ranar Asabar da safe kafin in fita aiki ina shago a Tudun Wada. Ka zo da mai kayan, zan jona ta da kwamfutata mu ga lissafin shotar, in ɗora mata 50mm ɗina da filash ka ɗauki hoto da hannunka ka gani.