Tambaya da Amsa: An Sauya wa MGB Ɗina Famfon Mai, Yanzu Fetur Yana Malala Daga Kafireto

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gaji wata tsohuwar motar Ingila daga mahaifina, MGB ƙirar 1971, wadda ta shekara kusan takwas a ajiye kafin na sa a tayar da ita. Da farko matsalarta ita ce wani lokaci ba ta tashi sai an ƙwanƙwasa famfon mai da sifana, kuma idan na yi tafiyar rabin awa da rana, musamman a cunkoson Kawo, sai ta mutu, sai ta huce sannan ta tashi. Bakanikena ya ce famfon ne ya gaji, ya samo wani na Beljiyam da aka ciro daga motar zamani ya ɗaura a gaba, kusa da inji. Yanzu da zarar na murɗa makulli sai fetur ya riƙa zuba daga kafireto, hayaƙi ya yi baƙi, fulogai kuma suna jiƙewa. Ya ce kafireton ne ya lalace, sai an sauya. Ina neman shawararka. Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ci moriyar abin da ya bari. Kafin komai, kada ka sake kunna motar nan da wannan famfon a jikinta, domin a injin MGB kafiretocin biyu suna zaune ne daidai saman bakin salansa, wato inda salansa yake haɗuwa da inji, kuma fetur da ke ɗiga a kan ƙarfe mai zafi gobara yake jira. Ka cire wayar batir, ka tura motar waje inda iska take kaɗawa.

A ganina kafiretonka lafiyarsa ƙalau, famfon da aka sa ne ya fi ƙarfinsa. Kowane ɗaya daga cikin kafiretocin kamfanin SU da ke motarka yana da ɗan kofi a gefe inda fetur yake taruwa, a cikin kofin akwai wani ƙoƙo mara nauyi da ke iyo a saman man, idan kofin ya cika sai ƙoƙon ya taso ya danna wata ƙaramar allura ta toshe hanyar shigowa. Ƙarfin da wannan allura take iya tarewa kaɗan ne ƙwarai, bai wuce psi 3 zuwa 3.5 ba (psi shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), kuma famfon asali na kamfanin SU an ƙera shi ne ya tsaya a wannan iyaka. Shi kuwa famfon motar zamani mai injakta yana aiki ne a kan psi 40 ko fiye, sannan an tsara shi da bututun da ke mayar da rarar mai tanki, wanda motarka ba ta da shi. Saboda haka man da ya fi goma na abin da allurar za ta iya riƙewa yana banke ta, ya cika kofin ya tumbatsa, wani ya zubo ƙasa, wani ya gangara cikin inji. Ko sabon kafireto dal aka kawo daga Ingila aka ɗaura, haka zai yi.

Ban ga laifin bakanikenka sosai ba, domin yawancin matasan da ke gareji a yau sun koyi aiki ne a kan motoci masu injakta, inda ƙarancin ƙarfin famfo shi ne cutar da aka saba gani. Amma ka nemi dattijon bakanike wanda ya yi zamanin Peugeot 504 ta Kakuri da Volkswagen mai inji a baya, irin waɗanda har yanzu ana samunsu a Panteka da kewaye, domin su ne suka san halin kafireto.

Tun da man ya shiga inji, ka zaro sandar awon baƙin mai ka sunsuna. Idan ka ji warin fetur, ko ka ga man ya haura alamar cika ya kuma yi ruwa-ruwa, a juye shi a sauya filtarsa kafin a sake tayar da motar, domin baƙin man da fetur ya tsinka ba ya kare inji. A kuma buɗe murfin kofunan biyu a duba allurorin, a girgiza kowane ƙoƙo kusa da kunne: wanda aka ji ruwa yana motsi a cikinsa ya huje, sai a sauya shi. Waɗannan ƙananan kaya ne masu araha.

Yanzu mu koma kan tsohon famfon, wanda nake fata ba a jefar da shi ba. Famfon SU yana aiki da lantarki, kuma a ƙarƙashin murfinsa na roba akwai kwantak irin na disfirito, wanda ke haɗa wuta ya yanke, yana jan wata fatar roba gaba da baya. Shi ya sa idan ka murɗa makulli kake jin ƙas-ƙas-ƙas daga bayan mota na ɗan lokaci, sannan ya yi shiru idan kofunan sun cika. Idan mota ta daɗe a ajiye, bakin kwantak ɗin yakan yi dauɗa ya daina wuce da wuta, bugun sifana kuwa yana girgiza shi ne ya sake haɗuwa. Wannan alamar da ka bayyana ita ce tasa sak. Ana cire murfin, a zura siririn samfefa mai laushi tsakanin bakunan a goge har su yi haske, a share da takarda mai tsabta. Idan sun cinye, ana sayar da sababbi tare da fatar robar, domin har yau kamfanin Burlen da ke Salisbury a Ingila yana ƙera famfunan SU da kayan gyaransu. Fatar da ta shekara takwas ba ta motsa ba takan bushe ta sandare, don haka ni da a ce tawa ce, gaba ɗaya zan sauya su a lokaci guda.

Sautin famfon nan yana gaya wa mai saurare abubuwa da yawa. Idan bai yi motsi ko kaɗan ba, a fara da waya: mai wayarin ya auna ko volt 12 na isa kan farar wayar da ke shiga famfon, ya kuma kankare tsatsa a inda baƙar wayar take ɗaure da jikin mota. Idan yana bugawa da sauri ba ya tsayawa, kuma babu man da ke zuba a gaba, to iska yake zuƙa, ko dai tanki babu mai, ko tiyon da ke tsakanin tanki da famfo ya tsage. Idan kuwa yana bugawa a hankali da ƙyar yana kuma ɗaukar zafi, hanya ce ta toshe. Gwajin da ya fi kowane raba gardama shi ne a cire tiyon da ke shiga kafireto a sa bakinsa cikin kwalba, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba: lafiyayyen famfo zai ba da aƙalla rabin lita a minti ɗaya, ba yankewa, ba kumfa. A yi wannan a fili, inji a sanyaye, da tukunyar kashe gobara a kusa, ba mai shan taba a wurin.

Sai dai mutuwar da motar take yi bayan rabin awa ba lallai ne ta zama daga famfo ba, kuma a nan ne na fi so ka natsu, domin kana iya kashe kuɗi a kan famfo mafi tsada matsalar tana nan daram. Abu na farko da nake zargi shi ne tanki. Tankin da ya yi shekaru ba a cike ba yana yin tsatsa daga ciki, tsohon fetur kuma yana daskarewa ya zama kamar danƙo. Yayin da mota take tafiya, ɓarɓashin tsatsa yana taruwa a bakin bututun da ke zuƙar mai har ya toshe shi, idan inji ya mutu sai ya saki ya koma ƙasa, ka ga kamar hucewa ce ta gyara motar. Ka duba man da ya taru a kwalbar gwaji a hasken rana, idan ka ga jan gari ko ɗigon ruwa a ƙasa, sai an sauke tankin an wanke. Kada ka bari a kusanto da wutar walda jikinsa, ko da an ce an ɗauraye shi. Bayan an wanke kuma ka guji man jarka na 'yan bumburutu.

Na biyu shi ne murfin tanki, wanda a motocin da aka yi wa kasuwar Ingila yake da ɗan ƙaramin rami na shigar iska. Idan ramin ya toshe, ko an sa wani murfi dabam, famfo yana jan mai iska ba ta maye gurbinsa, har ya kai ga ya kasa ja. Ranar da ta sake mutuwa ka buɗe murfin nan take, idan ka ji iska ta faɗa ciki da ƙarfi, ka kama ɓarawon. Na uku zafi ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna yakan haura digiri 35, a cikin cunkoso kuma iska ba ta ratsa ƙarƙashin bonet, sai fetur ya tafasa a cikin bututu ko a kofin kafireto ya zama tururi. Akwai farantin ƙarfe da kamfani ya sa tsakanin kafiretocin da bakin salansa domin tare zafi, wanda sau da yawa ake cirewa wajen gyara a manta da shi. Ka tabbata yana nan da shimfiɗar da ke bayansa, kuma tiyon mai bai kwanta kusa da salansa ba.

Na huɗu ba ruwansa da mai sam. Kwayil ko kwandensa da ya tsufa yakan yi aiki da sanyi ya gaza da zafi. MGB tana da hanya mai sauƙi ta rarrabewa: lokacin da motar ta fara mutuwa tana cikin giya, ka kalli agogon da ke nuna juyin inji. Idan allurarsa ta faɗi ƙasa farat ɗaya alhali injin yana juyawa, wuta ce ta yanke. Idan ta riƙa sauka a hankali tare da injin, yana shiɗewa yana farfaɗowa, mai ne ya gaza.

Game da ɗaura famfo, idan tsohon bai gyaru ba, ka nemi wani SU ɗin, ko na kamfanin Facet mai ƙaramin ƙarfi wanda aka rubuta psi 1.5 zuwa 4 a jikinsa. Bambancinsu shi ne na Facet ba ya yin shiru, yana bugawa muddin makulli na kunne. Ko wanne ka samu, a mayar da shi mazauninsa na asali, a ƙarƙashin mota kusa da tayar baya ta dama, gefen akwatin batir. Irin wannan famfon ya fi iya turawa a kan zuƙowa, saboda haka wurinsa kusa da tanki ne kuma ƙasa-ƙasa. Ɗaura shi a gaba cikin zafin inji yana ƙara jawo tururin da muke gudu. A lura da bakin shiga da na fita, a zaunar da shi a kan roba, a sauya duk tsofaffin tiyo da waɗanda aka yi domin fetur, ba tiyon ruwa ko farar robar janareto ba, kowane baki kuma da kilif ɗinsa. Wurin filta yana da ƙa'ida: na SU an fi so a sa masa ita bayan famfo, kusa da kafireto, domin idan tana tsakaninsa da tanki ta toshe yakan maƙale wuta na ratsa shi har ya ƙone, shi kuwa na Facet yana buƙatarta tsakaninsa da tanki. Farar wayar famfon ba ta bi ta fiyus ba tun daga kamfani, don haka a ƙara mata nata, in kuma da hali a sa makunnin da ke yanke wa famfo wuta idan mota ta yi karo.

Motarka ta 1971 nagatif ɗin batir ne ke ɗaure da jikinta, kamar motocin yau. Amma masu MGB da aka ƙera kafin ƙarshen 1967 su duba da kyau, domin tasu fozitif ne a jiki sai dai in an juya, kuma famfon zamani da ba shi da kwantak yana lalacewa idan aka haɗa shi a juye. Haka nan abin da na faɗa bai shafi kowace tsohuwar motar tsere ba. Triumph Spitfire famfonta a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, kuma idan fatarsa ta yage fetur yakan zarce cikin baƙin mai kai tsaye. Triumph TR6 mai injakta ta Lucas kuwa tana buƙatar sama da psi 100.

Idan an gama ɗaurawa, a murɗa makulli kawai a saurara. Famfon SU ya kamata ya buga na 'yan daƙiƙoƙi ya tsaya, bayan haka kada ya wuce bugu ɗaya a kowane rabin minti. A bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa daga tanki har kafireto, idan babu danshi ko wari, sannan a tayar da injin a bar shi ya yi zafi a tsaye kafin ka hau titi.