Kafin ka sayi fili a bakin ruwan Yauri

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na ga tambayarka: ka yi ritaya, an yi maka tayin fili a bakin kogi a Yauri, kana so ka gina gida ka sayi jirgi mai inji ka riƙa jigilar 'yan kasuwa, kana neman wanda ya taɓa irin wannan zama ya faɗa maka gaskiya. To shekarata 11 ke nan ruwa na bayan katangata, kuma ina da jirgin katako ɗaya da nake ci da iyali da shi.

Ni ma bari in tambaye ka: a wane wata aka kai ka ganin filin? Idan Yuli ne ko farkon Agusta, to ba ka ga komai ba tukuna. Ruwanmu ba irin gulbin ƙauye ba ne da ke cika da damina ya ƙafe da rani. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ya zama tafki, kuma cika biyu yake samu a shekara. Akwai farin ruwa mai laka, na daminarmu, da ke shigowa daga Agusta zuwa Oktoba. Sai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ba ya iso mu sai cikin hunturu. Shi ya sa za ka ga ana tafka ruwan sama amma tafki ya ja baya, sannan a watan Disamba, ana hazo leɓe na tsagewa, shi kuwa ya cika ya batse.

A nan na sha tawa. A Yuli na sayi filina, ciyawa kore shar, ruwa can nesa sai ka yi tafiya kafin ka taɓa shi. Na zagaye da katangar ƙasa ina ta murna na yi arha. Kafin ƙarshen Nuwamba ruwa ya zo yana lasar gindinta, wata asuba muka ji rugum, ɓangaren baya duk ya zube har da akurkin kajin uwargida. Wanda ya sayar mini bai yi ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba. Don haka ka je wurin Sarkin Ruwa da tsofaffin Sarkawan unguwar, ka ce su nuna maka inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2020. Ka duba jikin manyan itatuwa, shatin ruwan yana nan. Ka gina sama da wannan shatin, harsashi na dutse da siminti, daɓe kuma a ɗaga shi sosai.

Idan ruwa ya janye kuma wata wahalar ce. Jirgin da ke ƙofar gida jiya, yau sai ka keta taɓo har gwiwa kafin ka kai gare shi. Inji kuwa ba a barin sa ya kwana a jirgi, ɓarayi ba sa wasa da shi. Nawa Yamaha ne mai doki 40, mutum biyu ke ɗaukarsa, kullum safe da yamma.

Barcin damina ma ka yi masa bankwana. Da hadari ya haɗo cikin dare zan zari tocila da yankakkiyar jarka in fita, domin ruwan sama kaɗai ya isa ya nutsar da jirgi a inda yake ɗaure. Na sha tsayawa cikinsa ƙarfe biyun dare, ruwa a ƙaurina, ina kwalfewa ina salati, walƙiya na haska mini gaɓa. Kar kuma ka ɗaure shi da gajeriyar igiya lokacin da ruwa ke hawa.

Tuƙi dai ka bar wa ɗan ruwa, Basarke ko Bagunge, wanda ya san hanya tun yana yaro. Akwai kututturan itatuwan da tafki ya shanye, suna nan a ƙasa, su ke karya farfela su fasa ciki. Ga kainuwa da ke naɗe farfelar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 riba ta ragu, nan ne shaiɗan ke raɗa wa mai jirgi ya ƙara mutum goma da buhu ashirin. Duk wanda ya ga abin da ya faru kusa da Wara ta Ngaski a Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse, kaɗan suka tsira, bai kamata a sake yi masa wa'azi ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. Fasinjoji za su yi ta ƙorafin zafi. Ni wanda ya ƙi sawa, sauka yake yi.

A cikin gida, sauro sai gidan sauro, wannan kowa ya sani. Abin da baƙo bai sani ba shi ne tsargiya: yaro ya yi ta wanka a gaɓa, wata rana ka ga jini a fitsarinsa. Biyu daga cikin nawa sun yi, magani ya warkar da su. Ƙofar baya kuwa kwaɗo nake sa mata, makulli a aljihuna, saboda ƙananan.

Kar ka ce na tsorata ka. A Afrilu, mutanen cikin gari na juyi a tabarma saboda zafi, mu iska ke kaɗa mu. Ƙarfasa da tarwaɗa da ransu ake kawo mana, wani lokaci har giwan ruwa, ranar Rigata kuma daga kan dakalina nake kallon tseren jirage. Ba na jin zan iya komawa cikin gari.

Amma in ni ne kai, Alhaji, ba zan biya kuɗin filin nan yanzu ba. Ka kama hayar ɗaki a unguwar, ka ga farin ruwa ka ga baƙi. Idan ka shigo a Disamba ka neme ni, in sa yaro ya tayar da inji mu je mu duba filin naka, in Allah ya sa ba ta kansa za mu bi ba.