An karya maka hannu, yanzu ana roƙonka sulhu: me doka ta tanadar maka?

Wani bawan Allah daga Gwagwalada ya aiko da tambaya. Ɗan maƙwabcinsa ya maka masa gora har hannu ya karye, 'yan sanda sun gurfanar da yaron a kotun majistare, yanzu dattawan unguwa sun matsa masa ya janye, wai za a biya shi kuɗin asibiti "daga baya".

Malam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Da farko ka sani, karaya ba ƙaramin rauni ba ce a idon doka. Sashe na 241 na dokar hukunta laifuka ta Final Kod (Penal Code), wadda ake aiki da ita a Abuja, ya sa karya ƙashi cikin munanan raunuka, kuma hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 7. Shari'ar kuma ba taka ba ce kai kaɗai. Hukuma ce mai ƙara, kai shaida ne, don haka ko ka ce ka yafe, sai alƙali ya amince.

Sulhu alheri ne, musamman tsakanin mutanen da katanga ɗaya ta raba. Amma wannan "daga baya" ita ce ke cutar mutane. Sashe na 355 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ake kira ACJA, ya ce idan kotu ta yarda mai koke ya janye, za ta wanke wanda ake tuhuma. Wanda aka wanke ba a sake gurfanar da shi kan laifin nan. Ka janye yau, su yi shiru gobe, ba ka da abin riƙewa sai sabuwar ƙarar neman diyya da kuɗin aljihunka.

Saboda haka idan ka zaɓi sulhu, ka bi da shi ta gaban alƙali. Ka shaida wa mai gabatar da ƙara, a nemi kotu ta ɗaga zama don a sasanta. A rubuta komai: nawa ne jimilla, nawa za a bayar nan take, ranar kowane biya, wa ya tsaya wa yaron. A sa hannu da shaidu. Kuɗi su shiga ta banki don a samu shaida, kuma kada ka furta kalmar janyewa sai biyan ƙarshe ya shigo. Ni a ganina, a sa har da sharaɗin yaron ya zauna gabanka ya amsa laifinsa da bakinsa, domin sau da yawa wannan ne ke kashe gaba, ba kuɗin ba.

Idan kuwa ba ka son sulhu, babu mai tilasta maka, kuma diyyarka ba ta faɗi ba. Sashe na 314 da na 319 na ACJA sun ba kotu ikon umartar a biya ka diyya a cikin wannan shari'ar. Sai dai alƙali ba ya ƙiyasta kuɗi da ka. Ka tattara rahoton likita, hoton ƙashi, rasit na magani da na ɗori, da bayanin kwanakin da ka yi ba ka fita nema ba. Wanda ya je wurin mai ɗori kawai ba tare da takarda ba, nan yake shan wahala. Ka miƙa kwafi ga mai gabatar da ƙara, ka riƙe na asali, ka roƙe shi ya nemi diyyar kafin a yanke hukunci, don yakan manta.

Akwai kuma yarjejeniyar amsa laifi don a rage hukunci. Sashe na 270 na ACJA ya ce a ba ka dama ka faɗi ra'ayinka kan abin da ta ƙunsa, har da batun diyya. Kana iya ɗaukar lauya ya riƙa halartar zaman yana sa ido a madadinka. Idan aka fara yi maka barazana don ka janye, ka sanar da kotu nan take, domin hakan na iya sa a soke belin yaron.