Ƙanina, kada a sayar da filin tukuna

Saƙonka shi ne na huɗu da ya zo min daga gida a watan nan. Naka dai ya fi na sauran, don ka san abin da kake nema: ka gama karatun likitan haƙori, kana son digiri na biyu a Ingila kan yadda ake duba hoton muƙamuƙi da maƙogwaro a gano ɗaukewar numfashi cikin barci. Sai da na kai inda ka ce Baffa ya yarda a sayar da filinsa, gabana ya faɗi.

Digirin nan ba zai ba ka ikon taɓa bakin kowa ba. Sai ka yi rajista da GDC, hukumar likitocin haƙori ta Birtaniya, babbar ƙofarta kuwa ga wanda ya yi karatu a waje jarrabawar ORE ce mai kashi biyu. Samun gurbin zama ma yaƙi ne, ana buɗe shafin kafin ka ce kwabo kujeru sun ƙare. Sau huɗu kawai aka yarje maka a kowane kashi, kuma daga ranar da ka zauna na farko, shekara 5 gare ka ka ci na biyu. Ɓarauniyar hanyar da wasunmu suka bi, ta yin rajista a matsayin mai wankin haƙori, an toshe ta a Maris na 2023. Amaryarka ma ba za ta biyo ka ba, tun Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na aji, wanda ba na bincike ba, zuwa da iyali. Ni da nake cire haƙori goma kafin azahar a gida, shekara uku na yi a nan Ingila ina wanke kayan aiki, ina riƙe wa yaron da na girme shi bututun tsotse yawu, yana kirana da rabin sunana. Yau sunan nan cikakke yana jikin ƙofata, alhamdu lillahi, amma ban manta ba.

Shi kansa fannin, ka ba shi girman da ba nasa ba. Na'urar CBCT, wadda ke ɗaukar hoton cikin muƙamuƙi da maƙogwaro da hasken X-ray, tana ɗaukar mutum ne idonsa biyu, galibi a tsaye ko a zaune, haɓarsa a kan madogari. Ciwon kuwa sai ya kwanta rigingine, barci ya yi nisa, naman maƙogwaro ya saki, harshe ya zame baya, sannan yake fitowa. Ɗan haɗiye yawu ma lokacin ɗauka yana sauya faɗin hanyar iskar. Na taɓa ganin matsattsen maƙogwaro a hoto, na ce wa mutumin lalle yana da ciwon. Babbar likitarmu ta dube ni a gaban nas ta ce, ina gwajin barcinsa? Da aka yi, lafiyarsa ƙalau. Kunyar ranar har yau ina jin ta.

Gwajin barcin shi ne alƙali. Ana ƙirga sau nawa a awa ɗaya numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye: daga 5 ciwo ne mai sauƙi, daga 15 matsakaici, ya wuce 30 ya yi tsanani, sai a koma ga CPAP, injin hura iskar da Colin Sullivan ya fito da shi a Ostareliya a 1981. Hotonmu daga baya yake shigowa. Yana nuna muƙamuƙin ƙasa da ya koma baya, da ganɗa mai tsawo, da ko haƙora da gaɓar muƙamuƙi za su iya ɗaukar robar da ke turo haɓa gaba da dare. Likitan fiɗa ma da shi yake awo idan za a jawo muƙamuƙan biyu gaba. A nan kuma doka ba ta barin ka haska wa mutum na'ura don kawai yana minshari, sai ka rubuta hujja.

Af, tunda zancen minshari ya zo. Ka tuna na Baffa da muke ji har zaure muna dariya, ya yi shiru can sai ya fizgo numfashi kamar an shaƙe shi? Ga gyangyaɗi a masallaci, ga hawan jinin da ya ƙi jin magani. Ka karɓi tef wurin tela ka auna wuyansa, ka ga ko ya haura santimita 40. Ka tambayi Inna sau nawa take taɓa shi da dare don ta ji ya daina numfashi, ka turo min kafin Juma'a. Kuma kada ka bar shi ya ja mota zuwa Kaduna shi kaɗai.