Faɗaɗa filin ajiye ƙarafa: gyaran izini ko neman sabo?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da filin da nake tara tsofaffin ƙarafa, kuma shekara 6 ke nan da hukumar tsara gari ta ba ni izini. Kasuwa ta buɗe, wuri ya yi mini kaɗan, har na sayi filin da ke jikin katangata. Wani ya ce wasiƙa kawai zan rubuta a gyara tsohon izinin. Haka ne? Kuma zan iya fara sauke kaya kafin amsa ta fito?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka ta biyu ce ta fi tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara. Kada ka sauke ko kilo ɗaya a sabon filin. Takardar sayen fili ta ba ka mallaka, amma ba ta ba ka ikon mayar da shi wurin tara ƙarafa ba. Idan ka yi gaba, hukuma na iya ba ka takardar dakatarwa, ta ci ka tara, ta sa ka kwashe kayan da kuɗinka, sannan ka je neman izini a hannun mutanen da ka riga ka saɓa wa.

Yanzu ɗauko tsohon izininka ka shimfiɗa shi a tebur. Abu biyu za ka duba: taswirar da aka zagaye iyakar filin a kai, da sharuɗɗan da ke biye. Izinin ya tsaya ne daidai inda layin nan ya tsaya. Gyara yana yiwuwa idan canjin a cikin layi yake, kamar sauya wurin sikeli, ƙara tsawon tulin ƙarfe, ko tsawaita lokacin aiki. Wannan shi ne neman sauya sharaɗi. Amma tsallake layi zuwa wani fili, a mafi yawan dokoki, sabon aiki ne mai buƙatar sabon izini.

Dokoki sun bambanta, sai dai hikimar ɗaya ce. A Ingila, sashe na 73 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba da damar sauya sharuɗɗa, amma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ba za a bi ta nan a canza ainihin bayanin aikin da aka amince da shi ba. A jihar New South Wales ta Ostareliya kuwa, sashe na 4.55 na dokarsu ta 1979 ya ce dole aikin ya kasance, a zahirinsa, shi ne dai wanda aka amince tun farko. Saboda haka wanda ya ce maka wasiƙa ta isa, a ganina, ya sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi.

Ga abin da mutane ke mantawa. Ranar da ka shigar da takarda, jami'i zai zo duba tsohon filin, ba sabon kaɗai ba. Zai ga ko tulin ya haura katanga alhali sharaɗi ya hana. Zai durƙusa ya kalli ƙasan da ake farfasa injina, ya ga baƙin mai ya jiƙa ta ko kuwa an zuba kankare. Zai leƙa lungun da aka jibge batira, domin dalma da asid ɗin cikinsu na sauka cikin ƙasa har su kai ga ruwan rijiyar maƙwabta. Gyara waɗannan tun kafin ya zo. Kuma sau da yawa izinin gini daban, lasisin muhalli daban. Samun ɗaya ba ya wadatar da kai daga ɗayan. Idan kana fitar da batira waje, Yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai guba ta shafe ka.

Maƙwabta ma suna da ta cewa, domin galibi ana sanar da su a ba su wa'adin ƙorafi. Ƙarar yankan ƙarfe, tireloli a bakin ƙofa, tsoron gobara, hayaƙin ƙona waya don cire tagulla: da waɗannan za su zo. Ka riga su. Je ka zauna da su, sannan a zanenka ka nuna katanga mai tsawo, magudanar da ke tare mai, hanyar motar kashe gobara, da awannin da ba za a ji ƙara ba.

Shawarata, ka nemi ganawa da jami'an hukumar kafin ka shigar da komai, kuma abin da suka faɗa maka su rubuta. Ka sa safiyo ya zana filayen biyu a taswira ɗaya, ka nemi sabon izini kan ƙarin, ka bar tsohon yana aiki yadda yake. Idan suka ƙi, ko suka ɗora maka sharaɗin da ba za ka iya ɗauka ba, kana da damar ɗaukaka ƙara, amma tana da wa'adi. Ranar da takardar ƙin ta iso hannunka, a ranar ka kai wa lauyanka ita tare da tsohon izinin da taswirarsa.